Golan Unguwa Ma Ya Cancanci Kofinsa

Makon jiya na tsaya kallon wasan ƙarshe na wani kofin unguwanni a nan Birnin Kebbi, irin kofin nan da masu neman kujera kan saka wa matasa idan zaɓe ya fara ƙaratowa. An tashi babu ci, aka tafi bugun fenariti, wani siririn yaro da ke tsaron gida ya kaɗe biyu, ƙungiyarsu ta ɗauki kofi. Da aka zo rabon kyauta, wanda ya fi zura ƙwallo ya samu wayar hannu, gwarzon gasa ya samu ambulan, ƙungiyar da ta fi ladabi ta samu ƙwallaye, har shugaban magoya baya sai da aka kira shi aka miƙa masa yadin shadda. Yaron da ya kawo kofin kuwa ko sunansa ba a ambata ba. Yana gefe yana cire safar hannu, da na duba da kyau sai na ga ba ma ta gola ba ce, irin wadda 'yan kabu-kabu ke sawa ce lokacin hunturu.

Abin ya tsaya mini a rai. Ra'ayina shi ne ya kamata a ware wa masu tsaron gida gasa tasu ta kansu a jihar Kebbi, duk shekara, daga matakin masarauta zuwa na jiha, da kofinta da kyautarta. Ba don a share wa wani hawaye nake faɗa ba. Ita ce hanya mafi araha da za ta sa yaro ya zaɓi raga da kansa, a kuma samu wanda zai tsaya ya koya masa.

Yadda muke samun gola

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin firamare ya san yadda ake yi. Manya biyu su tsaya suna zaɓe, wannan nawa, wancan naka, har a zo kan wanda ya rage: ko mai ƙiba, ko mai ciwon ƙafa, ko ƙanen wani da aka ce daga gida sai an je da shi. Sai a ce masa, "Kai, shiga gida." In babu irinsa sai a yi karɓa-karɓa, duk wanda aka ci ya fito wani ya shiga. Tun ranar farko yaro ya gane cewa raga wurin da ake tura wanda bai iya ba ne.

A kulob ɗin unguwa ma bai canza zane ba. Koci yana can da 'yan wasa yana koya musu ba-ni-in-ba-ka, golaye biyu suna gefe suna jefa wa juna ƙwallo har sai lokacin gwada bugu ya yi, a kira su a yi ta luguden ƙwallo a kansu. Babu mai ce musu ga inda ake tsayawa idan ƙwallo ta taho ta gefe. Babu mai nuna musu cewa manyan yatsu biyu a bayan ƙwallo suke haɗuwa idan za a cafe ta sama, ko cewa a kan gefen jiki ake faɗuwa ba a kan gwiwar hannu ko ciki ba, ko cewa taku biyu zuwa gaba yana rage wa mai bugu faɗin raga.

Akwai wani dattijo tela da nake kai wa ɗinki, ya tsare raga tun zamanin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991. Ƙaramin yatsansa na dama a karkace yake har yau, ba ya miƙewa, sai ya ɗan ɗage shi in zai riƙe almakashi. Na tambaye shi wa ya koya masa tsaron gida. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni ba wanda ya koya man faɗuwa. Ƙasa ta koya man." Shekara fiye da talatin ke nan, kuma har yanzu malamar ba ta canza ba.

Ga rashin koyarwa, ga ɗaukar laifi. Ɗan wasan gaba zai zubar da ƙwallo uku shi da raga, a ce yau ba sa'arsa ba ce. Gola ya saki ɗaya, an sa masa suna kwando har ƙarshen shekara. In wasan na kuɗi ne, kafin ya isa gida labari ya riga shi cewa an saye shi. In kuma ya yi abin kirki ya hana ci, sai 'yan ɗaya ɓangaren su ce ya binne laya a gindin turke, har ka ga ana tona ƙasa a hutun rabin lokaci. Ko ta ina, ba a yarda cewa iyawa ce.

Kada a ce halin unguwa ne kawai. A Janairun 2022 a Garoua, Youssef Msakni na Tunisiya ya buga wata ƙwallo daga nesa ta wuce Maduka Okoye, aka fitar da Najeriya daga gasar cin kofin Afirka. Zagin da aka yi wa Okoye a intanet ya wuce misali. Bayan wata biyu, a Abuja, ƙwallon Thomas Partey ta bi ta ƙarƙashin Francis Uzoho, Ghana ta tafi gasar cin kofin duniya a Qatar muka zauna a gida, shi ma ya sha nasa. Yaran da ke cika gidajen kallo a Jega da Kamba da Yauri sun ga duk wannan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yaron Jega da ke buga baya yana da wanda zai nuna. Zaidu Sanusi ɗan garinsu ne, ya tafi Portugal, ya shiga Porto a 2020, kuma shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba su kofin lig a 2022. Yaron da ke raga fa? In ana maganar golan Arewa da duk ƙasa ta san sunansa, har yau dattawa Inuwa Lawal Rigogo suke fara ambata, mutumin da ya yi tashe a shekarun 1960.

Irin gasar da nake nufi

Ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Amurka da wasu ƙasashen Turai an daɗe ana yi. A kafa raga biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu kimanin mita 20, gola ɗaya a kowace raga, ba wani ɗan wasa a fili. Wannan ya jefa da hannu ko ya buga da ƙafa don ya ci wancan, wancan ya tare ya mayar masa nan take. 'Yan mintoci ne a tashi. A cikin waɗannan mintocin gola yana taɓa ƙwallon da ba zai taɓa ba a wasa uku na mutum 11.

Ni dai da za a bi tawa, wannan zai zama zagaye ɗaya ne kawai. Sai a ƙara zagayen ƙwallon sama, a riƙa bugo ta daga kusurwa ana saka 'yan wasa biyu suna tsalle tare da shi, a ga wanda zai fito ya cafe ko ya naushe ta, da wanda zai maƙale a kan layi yana addu'a. Sai zagayen daga kai sai gola a guje, ɗan wasa ya taho da ƙwallo daga tsakiyar fili. Sai na raba ƙwallo, a ajiye alamu a nesa a ce ya kai ta can da hannu da kuma ƙafa, dama da hagu.

Wannan na ƙarshen shi ne mutanenmu suka fi rainawa, alhali dokar wasa ta daɗe da komawa can. Tun 1992 aka hana gola ɗaukar ƙwallo da hannu idan ɗan wasansa ya mayar masa da ita da ƙafa. A 2019 aka ce bugun gida ba sai ƙwallo ta fita daga da'irar yadi 18 ba kafin nasa su taɓa ta. A 2025 kuma aka ce in ya riƙe ta a hannu fiye da daƙiƙa 8, a ba abokan hamayya bugun kusurwa. Golan da bai iya ƙafa ba, ko wanda ke rungume ƙwallo ya kwanta yana cin lokaci, zamaninsa ya wuce. Mu kuwa har yanzu abin da muke tafa wa shi ne wanda ya narka ta sama ta faɗa bayan katangar makaranta.

Fenariti a bar shi can ƙarshe, don raba gardama.

"Ai ƙwallo wasan mutum goma sha ɗaya ce"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, kuma wani koci ne ya fara kawo mini ita. Ya ce, "Malam, gola na ƙwarai ba a ganinsa yana shawagi. Yana magana da 'yan bayansa, yana karanta wasa, ya kashe hari tun bai zama hari ba. Ta yaya za ka auna wannan a gasar mutum ɗaya?"

Gaskiyarsa. Ba za a auna ba. Kuma tarihi ya goyi bayansa cewa gwanin wani fanni ba lallai ya zama gwanin raga gaba ɗaya ba. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka na 2004, Enyimba ta cire Vincent Enyeama ta saka Dele Aiyenugba saboda bugun fenariti, suka kuma ci kofin. Holan ta yi irin haka a gasar cin kofin duniya ta 2014, ta saka Tim Krul daf da tashi ya kaɗe wa Costa Rica biyu. Amma babu wanda ya ce don haka Aiyenugba ya fi Enyeama, mutumin da ya buga wa Najeriya wasa 101. Shi ya sa na ce kada a mayar da gasar ta fenariti zalla, don abin da za a samu a ƙarshe shi ne gwanin canke.

Sai dai kocin ya tsallake wani abu. Karatun wasa da yake magana a kai, sai yaro ya daɗe a raga yake samunsa. Golaye da yawa ba sa nuna sai sun doshi shekara 30. Stanley Nwabali ya zaga Enyimba da Lobi Stars da Katsina United kafin ya tafi Chippa United a Afirka ta Kudu, kuma yawancinmu ba mu san da shi ba sai a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Ivory Coast a farkon 2024, ranar da ya kaɗe wa Afirka ta Kudu fenariti biyu a Bouaké ya kai mu wasan ƙarshe. Edouard Mendy yana da shekara 22 ba shi da kulob, yana neman aikin yi a Faransa. A 2021 ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea. Namu yaran kuwa ba sa kai ko shekara 16 a raga. Da zarar yaro ya ɗan yi ƙarfi ya samu bakin magana, sai ya ce shi ma gaba zai buga. Gasar ba za ta koya masa karatun wasa ba, amma za ta ba shi dalilin zama har ya koya.

A duba Kamaru, maƙwabciyarmu. Thomas N'Kono da Joseph-Antoine Bell sun shafe shekaru suna takarar riga ɗaya, kowa na wasa wuƙarsa saboda ɗan'uwansa. N'Kono ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1979 da 1982, yana gola. Gianluigi Buffon na Italiya saboda shi ya koma raga. Daga baya N'Kono ya horar da Carlos Kameni a Espanyol, ga kuma André Onana ya biyo baya. Inda gola ke da abokin takara kuma ake kallonsa, wani golan yana fitowa.

Ƙasar da za a faɗa a kai

Wani zai ce yaran za su ji ciwo. In a filayenmu na yau za a yi, wallahi za su ji. Gaban raga a yawancin filayen makarantu tsandauri ne da tsakuwa, wani wurin har da fasassun kwalabe. Yaron da ya daki ƙugunsa a irin wannan ƙasa sau biyu, jikinsa da kansa zai hana shi faɗuwa ta uku. Shi ya sa za ka ga golan unguwa yana miƙa ƙafa ga ƙwallon da hannu ya kamata ya kai mata. Ba ragwanci ba ne.

A nan ne Kebbi ta fi wasu jihohi sa'a. Muna da yashi, a bakin gulbi daga Argungu har Yauri, kuma jihar ta riga ta yi suna a ƙwallon yashi a ƙasar nan. A kan yashi yaro zai yi shawagi sau hamsin ya tashi yana dariya. Zagayen farko na yara duk a yi shi a can, ko a zuba tifa biyu ta yashi a gaban ragar makaranta. Na ƙarshe a kawo shi filin Haliru Abdu, ko filin da aka gina da kuɗin FIFA a Birnin Kebbi, a samu abin da za a ce an yi da shi.

Sannan a rage wa yara raga. Ragar manya faɗinta mita 7.32, tsayinta mita 2.44. Ka tsayar da ɗan shekara 11 a cikinta, duk ƙwallon da ta tashi sama ci ce, komai iyawarsa, abin da zai koya kawai shi ne cewa shi ba gola ba ne.

"Ana fama da yunwa da 'yan bindiga"

Na san za a faɗa, kuma ba zan yi kamar ban san halin da ake ciki a Danko-Wasagu da Sakaba ba, ko abin da ya faru a makarantar Birnin Yauri a 2021. Amma kofunan unguwa ba su tsaya ba saboda haka. Ana saka su, ana yanka raguna, ana ɗinka riguna masu hoton ɗan takara. Kuɗin na fita ko da gasar golaye ko babu.

Kuma wannan gasar ba ta cin abin da kofin ƙungiyoyi ke ci. Ba motar ɗaukar mutum 20, ba rigunan ƙungiya, ba abincin tawaga. Gola ɗaya ne da jakarsa a bayan babur. Raga biyu, ƙwallaye, usur, da mai rubuta maki. A yini ɗaya za a iya tace golayen ƙaramar hukuma guda, a wata ɗaya a gama da 21 ɗin.

Wa zai zo kallo?

Mu da muke cika fili don mutum biyu su naɗe hannu su yi dambe, ko su kama kokawa, mu ne za a ce ba za mu kalli mutum biyu suna gwada ƙwanji a raga ba? Gaba da gaba ai shi ne abin da jininmu ya fi so. Ko a wasan ƙwallo, lokacin da mai shayi ke barin tukunyarsa ya matso shi ne lokacin fenariti.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934 kuma UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya a 2016, ba kamun kifi kaɗai ake yi a cikinsa ba. Akwai kokawa da dambe da tseren kwale-kwale da nutso. Wasan golaye a kan yashi zai zauna daram a cikin wannan jeri, ga baƙi, ga 'yan jarida, ga masu ɗauka da waya. Bidiyon daƙiƙa 20 na yaro yana shawagi ya fi saurin isa ga mai neman 'yan wasa fiye da duk wasiƙar da wani babba zai rubuta masa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba rashin 'yan kallo ba ne, mu ne da kanmu. Za a kawo mai gemu a ce shekararsa 15. Za a samu ɗan wani da dole sai ya kai wasan ƙarshe. Za a liƙa hoton mai gida a jikin turke a kira gasar da sunansa, in ya faɗi zaɓe ta mutu tare da kujerarsa. Maganin na farko shi ne a bi ta makarantu a duba rajista, ba takardar rantsuwa ta kotu ba. Na biyu, maki ya zama abin da kowa ke ƙirgawa da idonsa: ta shiga ko ba ta shiga ba, ya cafe ko ya saki. Kada a bar wa alƙali wani makin "kyan tsayuwa" da zai raba yadda ya ga dama. Na uku, gasar ta zauna a hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, mai son taimakawa ya kawo gudunmawa a gode masa, amma kada ta ɗauki sunansa.

Kyautar ma a yi tunani. Ambulan kwana biyu ne ta ƙare. A ba yaro safar hannu ta gaske da wandon da ke da soso a ƙugu, a kuma gayyato masu horar da golaye na Kebbi United da Katsina United da Kano Pillars su zauna a bakin fili da biro da takarda. 'Yan mata ma a buɗe musu nasu rukunin a makarantunsu. Chiamaka Nnadozie ta kaɗe fenaritin Christine Sinclair ta Kanada a gasar duniya ta 2023, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta zaɓe ta gwarzuwar gola a 2023 da 2024.

Saura abu ɗaya, wanda in babu shi duk maganar nan biki ce kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kowace gasa a tara malaman wasanni na makarantu da kociyoyin unguwa na mako guda, a samo wanda ya san aikin ya koya musu kamu da faɗuwa da tsayuwa, su koma su koya wa yaransu. Tsofaffin golaye irin telan nan nawa suna nan a kowane gari, wasu na gyaran babur, wasu na sayar da albasa a Aliero. A kira su su yi alƙalanci, a ba su kujera a inuwa. Lokacin da ya fi dacewa a fara tacewa shi ne Disamba zuwa Janairu, an gama girbin shinkafar damina, gulbi ya ja baya ya bar yashi, kuma zafin da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu bai sauko ba tukuna.